Hannun Hagun Auwalu

Wannan babin saboda ku 'ya'yan Auwalu na rubuta shi, Allah Ya tsare alƙalamina daga ƙari ko ragi. Da Sallar da ta wuce ina kishingiɗe a soro, kuna tsammanin barci nake, na ji ɗayanku yana cewa kakanku Alhaji Mudi har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa kiran sunan babanku ba, wai don ba ya ƙaunarsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na laluba sandata, sai na tuna ba laifinku ba ne. Babanku ba mai magana ba ne, sai ka yini da shi ba ka tsinci abin kirki a bakinsa ba. Kakanku kuwa ya tafi. Saura ni Garba, ƙanin Alhaji Mudi, kuma ni na ga abin da idona a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, shekarar da ƙasar ta karɓi wasannin Olamfik. To ku gyara zama.

Ku 'yan yanzu ba ku san alkunyar ɗan fari ba, kun saba iyayenku suna rungume ku ana ɗaukar hoto. A gidanmu na Dukawa, inda muka tashi cikin warin fata, namiji ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a idon jama'a, ba ya zama cin abinci da shi, yabonsa kuwa ko a mafarki. Kunya ce, kuma haka muka taras ubanmu ya yi wa Yaya Mudi, shi ma haka ya yi wa nasa. Ana yaye Auwalu aka miƙo mana shi ni da matata Binta, lokacin ba mu samu haihuwa ba, a ɗakinmu ya girma. In Yaya zai tambaye shi sai ya kau da kai ya ce, ina yaron nan naka? Sau ɗaya na san ya sa baki a renonsa, ranar da aka gane yaron bahago ne. Ya sa Binta ta riƙa ɗaure masa hannun hagu da tsumma in za a ci tuwo, har ya koyi ci da dama. Ci ya koma dama, rubutu ya koma dama, amma jifa ya ƙi. In muka je ƙauye yara su yi ta jifan goriba har kafaɗa ta yi tsami, Auwalu ya ɗauki dutse da hagun nan, ya nuna wadda yake so can ƙololuwa, ya sauko da ita. Mu dai dariya muke yi, ba wanda ya kawo a ransa wannan sana'a ce.

Ni na riga kowa a gidanmu zuwa Sin. Aikina in yini a shagunan takalma na Zhanxi Lu, kusa da tashar jirgin ƙasa, ina latsa fata, ina lanƙwasa tafin takalmi, ina faɗa da masu kaya, in cika kwantena in tura wa Yaya shagonsa a Kano. Sinancina na kasuwa ne: lauban, wato maigida, meyo, wato babu, sai kalmomin ciniki da 'yan zagi kaɗan. Da zama ya yi zama na ɗauko Binta, sannan na nema wa Auwalu gurbin karatu a wata jami'a ta garin. Shi kam nan da nan harshen ya zauna masa a baki. A can ne wani mai horar da ɗalibai ya ga ya mayar da wata ƙwallo da ta faɗo kusa da shi, daga ƙarshen fili har hannun mai cafewa, da hagu, littattafai rungume a ɗaya hannun. Wasan sunansa besbol. Mutum ɗaya ya tsaya kan ɗan tudu ya jefa ƙwallo mai tauri, girman lemon zaƙi, wani ya tsaya da kulki yana neman dukanta, na uku ya tsuguna a bayansa da ƙatuwar safar hannu ta fata yana cafewa. Sauran dokokin har yau ban gama gane su ba, kada ma ku tambaye ni. Abin da na gane shi ne mai jifa da hagu abin nema ne, don ƙwallonsa ta wata hanya take zuwa wadda masu kulki ba su saba da ita ba. Da ya gama karatu wata babbar ƙungiya ta garin ta ɗauke shi, amma a benci ya fi zama, don akwai manyan da suka riga shi.

Sai shekarar Olamfik ta zo. Na ga ikon Allah a wannan shekara. A talabijin muka kalli buɗe wasannin, masu ganga cike da fili suna bugawa kamar hannun mutum ɗaya, Binta ta riƙe haɓa har aka gama ba ta saki ba. Amma mu baƙi shekarar ta matse mu, biza ta yi wuya, mutanenmu da yawa suka tattara suka koma gida. Da aka tashi daga wasannin kuma sai aka tuna an riga an cire besbol daga Olamfik mai zuwa. Masu zuba wa ƙungiyoyi kuɗi suka janye hannu. Kakar wasa na ƙarewa, babbar ƙungiyar nan ta sallami 'yan benci, har da Auwalu. A wasan nan, wanda kwantiraginsa ya ƙare ya zama ba shi da ubangida, duk ƙungiyar da ta ga dama ta ɗauke shi cikin watannin hutu, in ba wadda ta ɗauka kuwa shi ke nan. Takardar zamansa a ƙasar kuma da ƙungiya take tafiya. A daidai wannan lokacin ciwon suga ya fara taɓa idon Yaya. Ya kira ni a waya.

"Garba, zan zo baje kolin kaya na kaka. In zan dawo ka haɗo ni da yaron nan naka, shago yana bukatar ido."

Ga zancen a fili: ko wata ƙungiya ta ɗauki Auwalu kafin Yaya ya juya, ko ya bi shi ya zauna bayan kanta yana auna wa mutane ƙafa. Tun daga ranar na ga Auwalu ya daina cinye abincinsa.

Ƙungiya ɗaya ce ta neme shi, wata 'yar ƙarama ta wani garin masana'antu da ke gaba da Guangzhou, wadda filinta ko rumfar kirki babu. Mai kula da ita wani dattijo ne siriri da ake kira Liang, mu muna ce masa Lauban Liang, kullum da gorar shayi a hammata. Gurbi ɗaya ya rage masa, kuma ba Auwalu kaɗai ke gabansa ba. Akwai wani tsohon mai kulki da wata babbar ƙungiya ta arewa ta sallama, gwiwarsa ta lalace amma sunansa kaɗai ya isa ya cika benci da 'yan kallo, masu masana'antar da ke riƙe da ƙungiyar ma shi suke so. An kuma yi masa tallar wani saurayi daga wata ƙasa ta maƙwabta, sai dai Liang ya ce wannan da ya yi suna manya za su sure shi, ya zama ya yi wa wani kiwo. Na tambaye shi ta bakin Auwalu, to me yake jira, tunda ya ga jifan yaro? Ya kurɓi shayinsa ya ce manyan ƙungiyoyi hannu suke saye, in ya karye su sayi wani. Shi kuwa in ya yi kuskure sau ɗaya da kuskuren zai yi shekara. Don haka ba ya ɗaukar ɗan wasa sai ya zauna cin abinci da ubansa. Ya ce ranar da yaro ya sha kashi a fili ya koma ɗaki shi kaɗai, gidan da ya fito ne ke tashe shi washegari, shi ya sa gidan yake fara dubawa.

Wallahi da na ji haka daɗi na ji. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, ga uban nan tafe. Ban yi tunanin komai ba.

Yaya ya sauka, na ga ya rame, yana tafiya a hankali, amma da kwarjininsa. Ranar Juma'a muka yi salla a Masallacin Huaisheng, wanda aka ce ya girmi kakannin kakanninmu, Yaya ya tsaya ya dafa bangon hasumiyar masallacin ya daɗe yana tasbihi. Daga nan muka shiga wani gidan abinci na Musulmin Sin a bayan layin, inda Liang ke jiranmu. Tun daga zama abin ya fara karkacewa. Aka kawo taliya da naman rago, Auwalu ya ja kujerarsa baya, ya sunkuyar da kai, bai taɓa kwano ba, don ba a gaban ubansa zai ci ba. Yaya kuma ya juya kafaɗa ya fuskanci Liang, ko sau ɗaya bai waiwayi inda yaron yake ba. Ga shi Sinancina bai kai na irin wannan zance ba, dole Auwalu ne tafinta.

Liang ya tambayi Yaya, wane irin yaro ne ɗan nasa? Auwalu ya juya tambayar da Hausa, idonsa a ƙasa.

Yaya ya ce, "Wa? Wannan? Ai ba wani abin kirki ba ne. Garba ne dai ke fama da shi."

Na zuba wa Auwalu ido ina roƙonsa a zuci ya gyara zancen, tunda ba mai kama shi. Ku ji abin da babanku ya yi: ya mayar da maganar da Sinanci yadda take, bai rage ko wasali ba. Na gane ne don na ji meyo a ciki, na kuma ga girar Liang ta motsa. Liang ya sake tambaya, ko ya taɓa ganin jifansa, ko yana alfahari da shi?

"Ina ni ina kallon wasan yara? Hannun ma na hagu ne, mun yi mun yi ya gyaru ya ƙi."

Wannan ma Auwalu ya faɗa, da murya ɗaya, kamar labarin wani yake bayarwa. Ban taɓa ganin gaskiya mai tsada irin wannan ba, yaro na yanka kansa da bakinsa don kada ya sauya maganar ubansa. Haushi da mamaki suka kama ni. Aka gama cin abinci, Liang ya yi godiya da ladabi, ya ja ni gefe ya kira wani ma'aikacin gidan mai jin Turanci ya tsaya tsakaninmu. Ya ce su ma a al'adarsu uba yakan ce ɗansa ba komai ba ne, amma yana faɗa yana ɗora masa tsokar nama a kwano. Wannan kuwa ko kallonsa bai yi ba, yaron ma ya tashi da yunwa. Ya ce in yi haƙuri, yaron da ubansa ya sallama ba zai iya ɗaukar nauyinsa ba, tsohon mai kulki zai ɗauka. Na yi ta bayani da Turancina da hannuwana cewa kunya ce, ɗan fari ne, ya yi ta gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya rufe zance.

Ni mutum ne mai zuciya, kun sani, har yanzu da tsufana. Muna shiga gida, Auwalu ya wuce ɗaki, na tsaya a kan Yaya, abin da ban taɓa yi ba tun muna yara.

"Haba Yaya. Mutumin nan fa ba Bahaushe ba ne. Kalma ɗaya yake nema, ka hana."

"Garba, ni zan yabi ɗan fari? A gaban baƙo? Baba ya taɓa yabona ka ji?"

"Ko dai da gangan ka yi don ka samu mai jiran shago?"

Yaya ya ɗora hannu a gwiwa yana kallon bango. Binta ce ta fito daga kicin da muciya a hannu, ta durƙusa daga nesa.

"Yaya Alhaji, a gafarce ni in sa baki. Ni na ɗaure hannun nan da tsumma, da umarninka, yana kuka ina kuka. Allah Ya ƙi ya mutu. Ni dai ina ganin abin da Allah Ya raya ba mu ne za mu kashe shi ba." Sannan ta juyo kaina. "Kai kuma Malam, ka rage murya, yayanka ne."

Washegari Auwalu ya fara haɗa kaya. Ya ninke rigunansa, ya rarraba wa abokai littattafai, ba fushi ba ƙorafi, har ya tambaye ni wane irin takalmi ne ya fi tafiya a Kano bana. Wannan tambayar ta fi zagi yi min ciwo.

Da safen da ya biyo baya Auwalu ya fita da wuri. Ashe tun kafin cin abincin nan ya yi wa Liang alkawarin zai zo ya yi wa tsohon mai kulkin jifa ranar gwajinsa na ƙarshe, don a ga ko gwiwar za ta ɗauka. An ƙi shi, amma alkawari alkawari ne, ya tafi ya taimaka a ɗauki wanda ya karɓe masa gurbi. Tsohuwar safarsa ta fata, wadda mai jifa ma yake sawa a ɗaya hannun, ya bari a kan tabarma, ya ce Binta ta ba wa yaran maƙwabta, a can za a ara masa wata. Muna karyawa, Yaya ya miƙa hannu neman kofi sai ya taɓo ta. Ya ɗauka yana jujjuyawa. Baduku dai baduku ne ko ya yi shekara nawa yana sayar da takalmin kamfani. Ya shinshina fatar, ya bi ɗinkin da babban yatsa, sai ya tsaya a wani wuri tsakanin yatsu inda ta taɓa yagewa aka gyara. Ya bi wurin, ya sake bi.

"Wa ya yi wannan ɗinkin?"

Binta ta ce, "Shi ya yi abinsa."

"Wannan ai ɗinkin Baba ne, mai komawa baya. Wa ya koya masa?"

Na ce ba wanda ya koya masa. Yana yaro in an aike shi gidan Yaya, sai ya laɓe a bakin zaure yana kallon hannun Yaya lokacin da yake gyaran sirdi da jaka, tunda ba shi da damar zama kusa. Yaya ya ɗora safar a cinyarsa yana shafa ɗinkin. Can ya ce,

"Wai ina ne ake wannan jifan? Tashi ka kai ni."

Filin yana bayan wata makaranta, ciyawa kore shar, dogayen benaye sun kewaye shi. Muka tsaya bayan ragar ƙarfe, daidai bayan mai cafewa, ba wanda ya lura da mu. Auwalu na kan ɗan tudun nan. Ni kaina ban taɓa tsayawa kusa haka ba, kullum daga nesa nake hangensa. Yara, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Yaron da na yi wa wanka, mai sunkuyar da kai in ana magana, sai na ga wani mutum daban. Ya ɗaga ƙafa har ƙirji, ya tsaya cak kamar zalɓe, sannan jikinsa duka ya bi hannun hagun nan. Ƙwallon ba a ganin tafiyarta, sai dai ka ji ta faɗa safar mai cafewa, tau, kamar an sauke tabarya a turmi. Tsohon mai kulkin, ƙato ne mai faɗin kafaɗa, ya kai duka ya sami iska. Ta gaba ta taho kamar za ta doke shi a ƙugu, ya ja baya, sai ta lanƙwasa a iska ta koma tsakiya. Na rantse da Allah na ga ta lanƙwasa, ba wanda ya taɓa ta. Na ji bakina yana cewa Subhanallahi ba tare da na sani ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, akwai wadda tsohon ya samu, ya ɗaga ta har ta haye katanga, don shi ma ba a banza ya yi suna ba. Auwalu ya bi ta da kallo, ya karɓi wata, ya sake ɗaga ƙafa kamar ba abin da ya faru. Bayan wannan tsohon bai ƙara taɓa ko ɗaya ba. Da ya gaji ya sauke kulki, ya cire hula ya ɗan rusuna wa yaron.

Na waiwayi Yaya. Ya kama ragar da hannu biyu, ya karkatar da kai gefe, duk ƙarar da ƙwallo ta yi sai na ga kafaɗarsa ta motsa.

"Garba, shi ne ke wannan?"

"Shi ne, Yaya."

"Da hagun?"

"Da hagun."

Ya ce in shigar da shi. Muka zagaya ta ƙofar raga, babbar rigarsa na jan ciyawa, 'yan wasa suka tsaya suna kallonmu. Auwalu na hango mu ya cire hula ya durƙusa a kan tudun. Liang ya taso da gorar shayinsa. Yaya ya fara neman mai cafewa, ya sa ya zare safa, ya shafa tafin hannunsa, ya ji yadda ya kumbura ya yi zafi. Ya gyaɗa kai. Sannan ya taka har inda Auwalu ke durƙushe, ya sunkuya, ya kama hannun hagun nan da hannuwansa biyu ya tashe shi tsaye. Tunda aka haifi babanku ban taɓa ganin fatarsu ta haɗu ba sai ranar. Ya ja hannun ya ɗora a cikin na Liang, ya haɗa ya riƙe, yadda ake ba da amana.

"Sunansa Auwalu. Ɗana ne, na fari. Ban taɓa jin ya yi ƙarya ba, ban taɓa jin ya saɓa alkawari ba. Abin da na faɗa ranar Juma'a kunya ce irin ta gidanmu. Auwalu, faɗa masa."

Sau biyu ya kira sunan, ku lura. Tafinta kuwa ya kasa. Ya buɗe baki, ba abin da ya fito, hawaye kawai ke sauka har haɓa. Yaya ya ce, Garba, kai faɗa masa. Ni da Sinancin takalma. Na tattara abin da nake da shi, na nuna Yaya na nuna Auwalu, na ce nasa ne, na farko, kaya mai lamba ɗaya, ba jabu, meyo matsala. 'Yan wasan suka fashe da dariya, ni ma ina dariya ina share ido. Liang bai yi dariya ba. Ya dubi hannuwan nan uku a haɗe, ya daɗe, sannan ya buɗe murfin gorarsa ya zuba shayi ya miƙa wa Yaya da hannu biyu. Yaya ya kurɓa, ya miƙa wa Auwalu sauran, ya tsaya har ya shanye a gabansa.

Liang ya sha faɗa da masu masana'anta kafin su yarda ya bar mai suna ya ɗauki baƙon da ba wanda ya sani, amma ya tsaya a kan bakansa. Abin da ya biyo baya kun san shi. Babanku ya yi 'yan shekaru yana jifa a wannan ƙaramin garin har kafaɗa ta gaza, ya dawo gida. Shago kuwa bai jira shi ba. Sauran 'ya'yan Yaya mata ne da ƙanana, yaran shago suka yi yadda suka ga dama, a ƙarshe aka sayar da wurin da ya yi rabin rayuwarsa yana ginawa, ya koma zaman zaure. Bai taɓa ɗora wa kowa laifi ba. Sunan ma bai sake kira ba, ya koma cewa yaron nan naka har ƙarshen ransa, shi ya sa ku ba ku taɓa ji ba.

Saura abu ɗaya, wanda ko babanku ban taɓa gaya wa ba. Ranar da Yaya zai koma, ni kaɗai na raka shi filin jirgi. Muka zo wurin matakalar nan mai tafiya da kanta, sai na ga ya tsaya yana laluben ƙasa da ƙafa, ya kama hannun rigata ya riƙe gam. A gida da kasuwa ya iya ɓoyewa, yana bin muryata da inuwata, ni kuma da gaggawata ban lura ba. Nan na gane idon ya wuce inda ya gaya mana nesa ba kusa ba. Na ce,

"Yaya, ranar nan a fili, me ka gani?"

"Ban ga komai ba, Garba. Ji na yi."

"To ai da ka faɗa. Wallahi da ya sani da ya biyo ka, ko an ɗaure shi."

"Na sani. Shi ya sa ban faɗa ba. Kai ma kada ka faɗa."

Muka hau matakalar yana riƙe da ni. Da muka kai sama, kafin ma'aikaciyar jirgi ta karɓe shi, ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina, ya rage murya kamar mai tambayar abin kunya.

"Ya yi tsawo ko? Da na tashe shi na ji kamar ya fi ni."

Na ce ya fi ka, Yaya, ya fi ni ma. Ya yi murmushi, ya saki rigata, ya bi matar nan a hankali yana laluben hanya.